Darasi na 9: Wankin Yadi Kafin Ɗinkin Bargon Haɗi

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya san dalilin da ke sa sabon yadi tsukewa da zubar da launi, ya iya gwada yadi kafin ya sa masa almakashi, kuma ya iya yanke wa kansa shawara a kan yadin da ke buƙatar wanki da wanda za a iya ɗinkawa yadda ya zo daga kanti.

Dukiyar da ke ƙarƙashin keken tela

Duk wanda ya leƙa shagon tela ana jajibirin Sallah zai tarar da ƙasa ta cika da ƙyallaye: guntun atamfa, ragowar shadda, bakin yadin da aka yi wa riga shafi da shi, har da ɗan abin da ya rage na kayan makarantar yara. Wasu teloli sukan share su zuba a bola, wasu su tara a buhu su ba masu cusa matashin kai. A hannun mai haƙuri kuwa, buhun nan bargo ne da zai raba yaro da sanyin hunturu shekara da shekaru.

Bargon haɗi, wanda Turawa ke kira kwilt, hawa uku gare shi. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙyallaye masu launi iri-iri. Akwai ciko na auduga ko tsohon mayafi a tsakiya. Sai shafi a ƙasa. Ana bin hawa ukun da ɗinki mai ratsa su gaba ɗaya, don kada cikon ya taru gefe guda. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Lifidin da mahaya ke sawa, su kuma sa wa dawakinsu, a hawan Sallah na Kano da Katsina da Zazzau, haka ake yin sa: yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsakani, sannan a bi da ɗinki. A zamanin yaƙi shi ne ke tare kibiya.

A wasu ƙasashe dabarar ta zama sana'ar mata ta cikin gida. Matan Bengal, a Bangaladash da gabashin Indiya, suna jera tsofaffin zannuwansu su bi su da ƙananan ɗinki, su kira abin kanta. A Amurka akwai wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, inda mata baƙar fata, jikokin bayi, suka daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aikin gona da rigunan da suka ƙare. A 2002 aka baje aikinsu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma gidan wayar Amurka ya buga hotunan barguna goma daga cikinsu a jikin kan sarki.

Masu haɗi da tsofaffin tufafi ba su da matsalar da wannan darasi ke magana a kai. Wandon da ya shekara biyar yana shan rana da sabulu ya riga ya tsuke iyakar tsukewarsa, ya zubar da duk launin da zai zubar. Matsalar ta taso ne a lokacin da aka fara haɗa bargo da sabon yadi. Har yau masu wannan sana'a a Amurka da Turai sun rabu gida biyu: masu wankewa kafin su yanka, da masu yankawa kai tsaye. Kowane ɓangare yana da hujja. Abu guda dai ba a gardama a kansa: bargon da za a rufa da shi sai ya shiga ruwa wata rana. Abin da mai ɗinki zai zaɓa kawai shi ne lokacin da yadin zai fara haɗuwa da ruwa, yana ƙyalle ko ya riga ya zama bargo.

Me ke sa sabon yadi tsukewa?

Tun daga ranar da auduga ta shiga masana'anta take shan ja. Injin kaɗi yana jan ta ya murɗe ta ta zama zare. Injin saƙa yana ɗaure zaren da ya bi tsawon yadi tamau, bayan an shafa masa sitaci don kada ya tsinke. Bayan rini ma a miƙe ake busar da yadin, an kama bakinsa biyu an ja. Don haka yadin da ke kan kanta a kasuwar Kantin Kwari ya fi ainihin girmansa. An tale shi ne, ya bushe a haka.

Da zarar ruwa ya taɓa shi sai lamari ya sauya. Auduga mai shan ruwa ce, silinta yakan kumbura. Zare ya yi kauri, sai wanda ke ratsa shi ya buƙaci ƙarin hanya wajen hawa da sauka, yadin kuma ya tattaru. Sitacin da ya riƙe shi ya narke, jan da aka yi masa ya saki. In ya bushe ba ya komawa yadda yake. Mafi yawan tsukewar a wankin farko take faruwa, ɗan abin da ya rage kuma ya biyo a wanki biyu ko uku na gaba. Yawanci tsawo ya fi faɗi tsukewa, domin zaren tsawo shi ya fi shan ja a kan injin. Ruwan zafi da yawan cuɗa suna ƙara mata gudu.

A 1930 wani Ba'amurke mai suna Sanford Cluett ya yi rajistar wata dabara ta tsuke yadi tun a masana'anta. Ana jiƙa yadin, a danna shi a jikin wani bel mai talewa, in bel ɗin ya koma sai ya tattara yadin tare da shi. Yadin da aka yi wa haka ba ya raguwa fiye da kashi 1 cikin 100. Amma ba kowane yadi ake yi wa ba, kuma ƙyallen da aka tsinta a buhun tela ba ya ɗauke da takardar da za ta faɗa.

Yadin auduga irin wanda ake saƙawa don haɗin bargo yakan ragu da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Akoko, da yadin sanyi mai gashi-gashi, da saƙin hannu, sukan wuce haka. Yadin roba kuwa, irin atamfar da mata ke kira roba, kusan ba ya tsukewa ko kaɗan, domin zarensa ba ya shan ruwa.

Lissafin tsukewa

Kashi 3 ko 5 cikin 100 ƙaramin abu ne a baki, amma a kan tef ɗin awo yana da yawa. Yadi ɗaya inci 36 ne. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato inci 216. In ya ragu da kashi 3 cikin 100, an rasa kusan inci 6 da rabi. In da kashi 5 ne, an rasa kusan inci 11. Bargon da aka auna inci 90 don ya rufe gado, in ya ragu da kashi 4 cikin 100, zai fito daga wanki da gibin inci 3 da rabi da ɗoriya.

Raguwar bargo gaba ɗaya ba ita ce babbar ɓarna ba, domin ana iya ƙara awo tun farko. Ɓarnar tana zuwa ne in ƙyallaye ba su ragu daidai da juna ba. A ɗauka an yanka murabba'i biyu, kowanne inci 10, ɗaya na akoko ɗaya na atamfar roba, aka ɗinke su gefe da gefe. Bayan wanki akoko ya koma inci 9 da rabi, atamfar tana nan a inci 10. Layin ɗinki guda ne ya haɗa su, don haka dole mai tsawon ya tattare, gajeren kuma ya ja. In irin wannan haɗi ya kai ɗari a bargo guda, fuskarsa za ta yi tudu da kwari, kusurwoyi su karkace, guga kuma ba ta gyara shi. Ga shi masu haɗin bargo rubu'in inci kawai suke bari a bayan ɗinki, wato kimanin milimita 6. Yadi mai sakakkiyar saƙa in ya ja da ƙarfi, wannan ɗan baki yana iya zarewa, ɗinki ya buɗe.

Zubar launi

Ba a sayen atamfa sai an tambayi mai kanti, “Alhaji, tana zuba?” Tambayar ta fi nauyi ga mai haɗin bargo. Zane in ya zuba kansa ya ɓata. Jan ƙyalle guda kuwa in ya zuba a cikin bargo, sai ya rina duk fararen da ke maƙwabtaka da shi, ya lalata aikin wata biyu a baho guda.

Launuka ba hali ɗaya gare su ba. Baba, wanda ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata ta Kano, ba ya narkewa a ruwa da kansa. Sai ya yi kwanaki a karofi tare da toka ya ruɓa, sannan ya narke ya shiga cikin zare. Shi ya sa yadi ke fitowa daga karofi kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Wanda ya shiga cikin zare ya zauna daram. Wanda ya maƙale a waje kuwa gogewa yake yi, ya bi hannu da fata da duk farin yadin da ya jingina da shi. Turkuɗin Kura, wanda Buzaye ke naɗawa, da gangan ake ƙara masa shuni a buge shi a mabuga har ya yi ƙyalli. Ba don wanki aka yi shi ba, kuma bai dace da bargon haɗi ba. Wandon jins ma irin rinin baba ake yi masa, shi ya sa sabo yake shafa launi a farar kujera.

A 1956 kamfanin ICI na Ingila ya fito da wani irin rini mai suna Procion, wanda ke haɗewa da jikin auduga ya zama kamar wani sashe nata. Irinsa ake rina yawancin yadin auduga mai kyau a yau. Sai dai ba duk launin da aka zuba ne ke kamawa ba. Ragowar dole a wanke ta a masana'anta da ruwan zafi da sabulu, kuma wannan wanki yana cin ruwa da wuta da lokaci. In an gaggauta shi, ragowar takan biyo yadin har gida. Akwai kuma rini mai araha wanda riƙonsa da auduga ba shi da ƙarfi. Irin wannan kowane wanki sai ya saki wani abu.

Saboda haka zuba iri biyu ce. Akwai zubar ragowa, wadda ke ƙarewa bayan wanki ɗaya zuwa uku. Akwai kuma zubar da ba ta tsayawa. Wankin farko yana maganin ta farko, yana kuma tona asirin ta biyu tun yadin bai shiga bargo ba. Launukan da suka fi buƙatar sa ido su ne masu duhu, domin su aka fi loda wa rini: ja, ruwan hanta, shuɗi mai duhu, baƙi da kore mai duhu.

Mutane da yawa sukan jiƙa sabuwar atamfa a ruwan gishiri don launi ya kama. Al'adar tana da tushe, domin marina na zamani suna zuba gishiri a lokacin rini don ya tura launi daga ruwa zuwa cikin zare. Amma bayan an gama rini, gishiri ba ya ɗaure launin da bai kama ba. Yana iya rage fitarsa a cikin ruwan da aka zuba shi, mai wanki ya ga ruwa ya yi haske ya saki jiki, sai zubar ta dawo a wanki na gaba. Ruwan tsami ma haka: yana da amfani wajen rina ulu da siliki, ba ya yi wa auduga komai.

Hujjar masu ɗinki ba wanki

Waɗanda ba sa wankewa ba ganganci suke yi ba. Sabon yadi yana da ƙarfi da santsi saboda sitacin masana'anta. Yana kwanciya lafiya a kan tebur, almakashi ya bi shi tsaf, kusurwa ta haɗu da kusurwa. Da zarar an wanke shi sai ya yi laushi, ya yamutse, bakinsa ya zare, a ɓata yini ana guga.

Hujja ta biyu ita ce ƙanƙantar ƙyalle. A shagunan Amurka ana sayar da yadin bargo a yanke: akwai mai inci 18 da 22, akwai murabba'i mai inci 5, akwai kuma siraran tsiri masu faɗin inci 2 da rabi da ake naɗewa kamar gammo. Wanda ya jefa irin waɗannan a injin wanki zai ciro su a cukurkuɗe, sun zare sun ragu, ba su ƙara kai awon da aka saye su dominsa.

Hujja ta uku ta kwalliya ce. In aka ɗinke bargo da yadi da ciko duk ba a wanke ba, wankin farko yakan tsuke su tare, fuskar ta yi 'yan ƙananan tattara a tsakanin layukan ɗinki. Masu sha'awa suna son wannan kama, domin tana sa sabon bargo ya yi kamar na kaka. Akwai kuma bargon da ake ɗinkawa don a rataye a bango kawai, wanda ba zai taɓa ganin ruwa ba.

Amma ya kamata ɗalibi ya lura da yanayin da waɗannan hujjoji ke aiki a cikinsa. Mai ɗinkin da ta sayi yadinta duka daga masana'anta guda, auduga zalla, kauri ɗaya, saƙa ɗaya, tana da dalilin sa ran za su tsuke tare. Tana kuma da wasu 'yan takardu da ake jefawa a injin wanki su tsotse launin da ya fita. Mai haɗi da buhun tela ba haka take ba. A buhunta akwai atamfar Holan da ta Kaduna da ta Sin, akwai shadda, akwai rinin gida, akwai roba, akwai gwanjo. Kowane ƙyalle da tarihinsa. A irin wannan hali wanki shi ne kaɗai abin da zai daidaita su.

Shadda tana da nata batun. Ƙyallinta da ƙarfinta daga gogar injin masana'anta da ƙaro da bugu suke zuwa, kuma wanki yana rage su. Gara mai ɗinki ta ga yadda shaddar za ta koma tun kafin ta zaɓa mata wuri a fuskar bargo.

Akwai kuma batun lafiya. Sabon yadi yana ɗauke da sitaci, da ragowar rini, da ƙurar kasuwa, wani ma da maganin hana yamutsewa wanda ke sa wa masu laushin fata ƙaiƙayi. Bargon jariri, da na mai ciwon fata, da duk abin da aka haɗa da gwanjo, ba a ɗinka su sai an wanke yadin.

Gwaji uku kafin yanka

Gwajin launi shi ne na farko. Ana yanko ƙyalle kamar tafin hannu, a sa shi a kofin gilashi da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, tare da guntun farin yadin auduga. Bayan rabin awa a duba. In ruwa ya rine amma farin yadin bai ɗauka ba, da sauƙi. In farin ya ɗauki launi, yadin yana buƙatar wanki sosai. Sai a ciro su a ɗora ɗaya kan ɗaya su bushe tare, domin wani launin ba ya tsallakawa sai yadi ya daɗe a jiƙe yana manne da wani. Mai gaggawa yana iya jiƙa farin ƙyalle ya goga a jikin yadin, ko ya ɗora shi a kai ya danna da dutsen guga mai zafi.

Na biyu gwajin tsukewa ne. Ana zana layi mai inci 20 da biro a bin tsawon yadi, da wani mai inci 20 a bin faɗinsa. A wanke, a shanya, a goge, a sake aunawa. In inci guda ya tafi, tsukewar kashi 5 cikin 100 ce. In rabin inci ne, kashi 2 da rabi ce.

Na uku gwajin wuta ne, don rarrabe auduga da roba. Ana kama ɗan zare da hantsaki a kan kwanon ruwa, a kai masa ashana. Auduga tana ci da wuta da warin ƙonannen takarda, ta bar toka mai laushi. Roba narkewa take yi, ta dunƙule ta zama ƙwallo mai tauri. Ana yin wannan gwaji a fili, nesa da tulin yadi da yara.

Yadda ake wankin farko

Ana fara rarraba yadi gida uku: farare da masu haske, matsakaita, sai masu duhu. Ja a ware shi shi kaɗai. Manyan yadi a bi bakin da almakashi ya yanka da ɗinki guda don kada ya zare. In turmi ne, a warware shi gaba ɗaya, kada a jiƙa shi a ninke.

Ƙa'idar ita ce a wanke yadi yadda za a riƙa wanke bargon. In da ruwan sanyi da sabulun gari za a riƙa wanke shi a baho, to kada wankin farko ya gaza haka. In ma an sa ruwa mai ɗumi ya fi, don tsukewar ta ƙare a lokaci guda. Ruwa ya kasance mai yawa, yadda launin da ya fita zai sami wurin bazuwa maimakon ya koma jikin yadi. A jiƙa, a cuɗa a hankali, a ɗauraye har ruwa ya fita fes. Ba a sa bilic. Yadin da ya sha wanki uku ko huɗu yana rina farin ƙyalle, a cire shi daga aikin, ko a haɗa shi da 'yan'uwansa masu duhu zalla.

Ƙananan ƙyallaye ba a cuɗa su. Ana nutsa su a baho su yi minti 20 zuwa 30, a motsa su da hannu, a ɗauraye, a danna su tsakanin tafuka ba tare da murɗawa ba, sannan a shimfiɗa su a kan tsohon zanen gado.

Shanya a inuwa ake yi, domin rana tana cin launi. Kada a bar jiƙaƙƙen yadi a tule, nan ne launi ke tsallakawa. A yi guga tun da sauran danshi, ana bin tsawon zare, ba a jan yadin ta kusurwa. Wanda ke son ƙarfin sabon yadi ya dawo, sai ya dama sitacin rogo mai ruwa-ruwa ya yayyafa kafin guga. Da wannan, babbar hujjar masu ƙin wanki ta sami amsa.

Sai a sa wa yadin da aka wanke alama, misali a datse ƙaramar kusurwa, a kuma ajiye shi daban. Wannan alama tana da muhimmanci, domin mafi munin haɗi shi ne na wankakke da wanda ba a wanke ba: ɗaya ya gama tsukewa, ɗayan bai fara ba.

Shafi, ciko da zare

Shafi shi ne yadi mafi girma a jikin bargo, don haka hukuncin fuska shi ne hukuncinsa. In an wanke fuska, a wanke shi. Tsohon gwado ko bargon da za a yi ciko da shi, shi ma a wanke. Sakakkiyar auduga kuwa ba a wanke ta kafin ɗinki, domin dunƙulewa take yi. Abin da ke kare ta shi ne a matso da layukan ɗinki kusa da juna, kamar inci 2 tsakani. Cikon auduga na kanti yakan tsuke kamar yadda yadi ke yi, na roba kuwa ba ya yi. Mai amfani da na auduga sai ya ƙara 'yan inci a awonsa. Zaren ado mai launi, musamman ja, shi ma a jiƙa ɗan guntu a kan farin ƙyalle a gani.

In ɓarna ta riga ta faru

Wani lokaci bargo yakan zuba duk da an yi hattara. Abu na farko shi ne kada a bar shi ya bushe, kada kuma a kai masa dutsen guga. A nutsa shi a babban baho cike da ruwan zafi da sabulu mai yawa, a danne shi yadda ko'ina zai kasance ƙarƙashin ruwa. In ruwan ya rine a zubar a sake sabo. Ana iya barin sa ya kwana a ciki. Sau da yawa launin da ya tsallaka bai kama zaren da ƙarfi ba, yakan saki a hankali. Daga nan a ɗauraye, a matse ruwan sosai, a shimfiɗa shi a inuwa inda iska ke kaɗawa don ya bushe da wuri.

Tambayoyi

1. Waɗanne hawa uku ne ke cikin bargon haɗi, kuma ta yaya ya yi kama da lifidi?
2. Me ya sa matan Gee's Bend da masu ɗinkin kanta ba su damu da tsukewar tsofaffin tufafin da suke haɗawa ba?
3. Yadi mai inci 120 ya ragu da kashi 5 cikin 100. Inci nawa ya rage?
4. Mene ne bambancin zubar ragowa da zubar da ba ta tsayawa?
5. Me gishiri ke yi a lokacin rini, kuma me ya kasa yi bayan rini?
6. A kawo yanayi biyu da za a iya ɗinka yadi ba tare da wanki ba, da yanayi biyu da wanki ya zama dole.

Aikin aji

Kowane ɗalibi zai zo da ƙyallaye huɗu daga shagon tela: atamfa, shadda, farin yadi, da wani mai launin ja ko shuɗi mai duhu. Malami zai tanadi kofuna, ruwa mai ɗumi, sabulu da tef ɗin awo. Ɗalibai za su kasu rukuni-rukuni, su yi gwajin launi da na tsukewa, su rubuta awon kowane ƙyalle kafin wanki da bayansa. A darasi na gaba kowane rukuni zai kawo ƙyallayensa a goge, waɗanda suka ci gwaji a gefe guda, waɗanda suka faɗi a ɗaya gefen, domin da waɗanda suka ci za a fara koyon yankan murabba'i mai inci 5.